Maɗinkiyar anko ta ce ɗinkin ba na masu jiki ba ne

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Gombe, shekaruna 32, 'ya'yana uku. Ƙaramar watanta bakwai, da aiki aka ciro ta, kuma tun daga wannan haihuwar na yi jiki sosai. Saura mako biyar bikin ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya. An fitar da anko biyu, atamfa ta kamu da leshi na dina. Amarya ta ce mu 'yan uwa da ƙawaye duk mu kai wa maɗinkiya ɗaya don ɗinki ya zo iri ɗaya. Matar ta yi suna a garin nan, tana da mabiya da yawa a Instagram, kuma ɗiyar goggon ango ce.

Mu takwas muka je awo. Da aka zo kaina ta zagaya tef a ƙuguna, ta faɗi lambar da ƙarfi ga yarinyar da ke rubutawa, ta ce, "Kai Hajiya, tef ɗin ma sai dai ya yi haƙuri." Aka kwashe da dariya, har da ni, don ban san yadda zan yi da fuskata ba. Sai ta ce ɗinkin da amarya ta zaɓa, mai koset ɗin nan, ba na masu jiki ba ne, zai ɓata mata suna, bubu za ta yi min. Ta ce in ƙaro yadi biyu na leshi, kuma kuɗin ɗinkina ya fi na kowa da naira 15,000. Ta ƙara da cewa in na rage kafin biki za ta duba. Na biya rabi kafin alƙalami, ba ta yanka kayan ba tukuna. Da na dawo gida na bi shafinta tun daga sama har ƙasa, ban ga hoton mai jiki ko ɗaya ba.

Na gaya wa amarya, ta ce, "Adda wasa take yi, don Allah kada ki ja min magana da dangin miji tun ban shiga ba." Dada, mahaifiyarmu, ta ce in yi haƙuri. Maigidana ya ce in karɓo kayana, in ma na fasa zuwa dinar shi ya fi masa. Wata ƙawata ta kawo min shayin rage ƙiba, yau kwana uku ina sha, na kuma daina cin abincin dare. Anti, ni ce na cika ɗaukar abu da zafi? In karɓo kayana ne, ko in haƙura da bubun, ko in zauna a gida ranar dina?

Wata baiwar Allah, Gombe

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya raya jaririya, Ya ƙara miki lafiya, Ya sa a yi biki lafiya a watse lafiya.

Ba ki cika ɗaukar abu da zafi ba. Kina tsaye, hannuwa a sama, idon mutum bakwai a kanki, aka shelanta awon jikinki kamar ana auna masara a Tudun Hatsi, aka ɗora da barkwanci. Dariyar da kika yi tare da su ita ta fi tsaya min a rai cikin wasiƙarki, don na san irinta. Dariya ce da mace take yi da sauri kada hawaye ya riga ta fitowa. Kada ki bari kowa ya riƙe ta hujja a kan cewa abin bai dame ki ba.

Amma kafin mu koma shagon, ki ajiye min kofin shayin nan tun daren yau. Yawancin irin waɗannan shayin abin da ke cikinsu ganyen filasko ne da danginsa, masu sa gudawa da yawan fitsari. Ruwan jikinki suke kwashewa, kitse yana nan inda yake, kwana biyu da dainawa ma'auni ya koma gidan jiya. Wasu kuma ba a san me aka zuba musu ba. An sha kama kayan rage ƙiba da aka ɓoye wa wani magani mai suna sibutramine, wanda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka tun 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ke kuma mai shayarwa ce, ruwan da kike zubarwa da tuwon daren da kika bari, ke da 'yar wata bakwai kuke asararsu. Ragewar da likitoci ke ɗauka mai lafiya ba ta wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Lissafa da kanki: ko komai ya tafi daidai, a mako biyar abin da zai sauka ba zai canza ra'ayin matar nan ba, sai dai ki isa wurin biki da jiri da idanu a zurme. Magabata sun ce garin neman ƙiba a samo rama. Ke kada garin neman rama ki samo gadon asibiti.

Yanzu maganar maɗinkiya. Ta haɗa gaskiya da cin fuska ta dama su wuri ɗaya, shi ya sa kika rasa wanne za ki kama. Mu tsince su.

Maganar ƙarin yadi gaskiya ce, kuma ba abin kunya a ciki. Turmin atamfa yadi shida ne, faɗinsa tsakanin inci 45 zuwa 48. Leshi yawanci yadi biyar ake yankawa. Ɗauki zani kawai: yadi biyu inci 72 ke nan. Mace mai ƙugu inci 38 in ta ɗaura, ragowar inci 34 ne zai hau kan ɗan uwansa, ta taka yadda take so. Mai inci 50 ragowar 22 kaɗai za ta samu, da ta ɗaga ƙafa zai buɗe, don haka tana buƙatar yadi biyu da rabi. A leshi kuma akwai bakin ado da dole a daidaita, akwai fure da ba a son a raba shi biyu a tsakiyar ƙirji, duk wannan yana cin yadi. Maɗinkin da ya gaya miki haka tun farko ya kyauta miki, ya fi wanda zai karɓa shiru ya matse ki cikin yadi biyar. Haka ma ƙarin kuɗi yana iya zama daidai in aiki ya ƙaru: ƙarin shafi, ƙarin dutse, gwaji sau biyu maimakon ɗaya.

To ga inda lissafinta ya karye. Ta ce ba za ta yi miki mai koset ba, bubu za ta yi. Duk wadda ta taɓa zama gaban keke ta san bubu ya fi koset sauƙi nesa ba kusa ba. Koset sai an yanka shi gunduwa-gunduwa, a sa masa gam, a zura ƙasusuwan roba, a yi masa kofin ƙirji, a ja igiya ko zif a baya. Bubu a ninka yadi, a fitar da wuya, a ja layi biyu a gefe. Ta yaya aikin da ya fi sauƙi zai fi mai wahala tsada da naira 15,000? Wannan ba kuɗin aiki ba ne, tara ce aka ci ki don kin shigo da jikin da ba ta so. Tef ɗin da ta ce ya yi haƙuri kuwa, inci 60 ne tsawonsa, irin wanda ke rataye a wuyan kowane tela daga Jekadafari a Gombe har Wunti a Bauchi. Waɗanda suka ƙera shi sun san da mu.

Kalmar "zai ɓata min suna" ita ce ta tona asirin. Na daɗe ina lura da matasan masu ɗinkin zamani, kuma ba na raina ƙoƙarinsu, wasu cikinsu sun fito da aikin da a da sai an aika Legas ko Kano. Amma da yawa a jiki iri ɗaya suka koyi yanka. Mutum-mutumin da ke tsaye a shagon siriri ne, yarinyar da ake gwada wa kaya a ɗauki hoto siririya ce, hoton da kwastoma ke nunawa a waya shi ma haka. In mai jiki ta zo, abin da suka iya shi ne su ƙara inci a ko'ina daidai wa daida, kamar ana hura balan-balan. Jiki kuwa ba haka yake girma ba. Ƙirji yana iya ƙaruwa da inci takwas kafaɗa ba ta ƙaru da ko ɗaya da rabi ba. In aka faɗaɗa kafaɗa tare da ƙirji, sai ta zubo kan dantse, hammata ta sauka ƙasa, mace ta kasa ɗaga hannu ta gyara ɗaurinta. Gaban riga ya ɗage sama saboda ƙirji da ciki sun cinye tsawon, baya ya yi jaka. Maɗinkiyar da ta taɓa yin wannan ɓarnar sau ɗaya ko biyu, kwastoma ta dawo da kaya tana faɗa, sai ta gano cewa ya fi mata sauƙi ta ce jikin ne bai dace ba a kan ta ce hannunta ne bai kai ba. Ban ga aikin wannan matar ba, don haka ba zan rantse cewa ba ta iya ba. Amma gwanar da ta san za ta fitar da ke ba ta jin tsoron sunanta a jikinki.

Wannan halin ba a Gombe aka fara shi ba. Manyan gidajen ɗinki na Turai da Amurka suna ɗinka samfurin kowane sabon salo a awo ɗaya ƙarami, daga lamba 0 zuwa 4 a ma'aunin Amurka, shi ake sa wa masu tallar kaya, shi ake ara wa taurari. A 2016 'yar wasan barkwanci Ba'amurkiya Leslie Jones ta fito fili a Twitter ta ce ta rasa mai yi mata rigar bikin ƙaddamar da fim ɗin da ta fito a ciki, har sai da wani mai suna Christian Siriano ya amsa, ya ɗinka mata jar doguwar riga. Sunansa bai ɓaci ba, ƙaruwa ya yi, don daga nan aka ƙara saninsa da yi wa mata masu kowane irin jiki ɗinki. Faransa kuwa abin ya kai ta ga kafa doka, daga 2017 mai tallar kaya sai ta kawo takardar likita, saboda yadda 'yan mata ke horar da kansu da yunwa don su shiga wannan awon. Su can ko ba komai suna da abin fakewa, sun ce riga ɗaya suka ɗinka tun kafin su san mai sawa. Mu nan fa? Ke kika sayi yadinki, kika ɗauko shi da hannunki, kika tsaya aka auna ki. Awon nan don me ake yinsa in ba don jikuna sun bambanta ba?

Abin ma da ke ba ni mamaki shi ne saurin juyawar zamani. Mu da muka girma a Bauchi mun ga lokacin da amarya ke shan kunu da madara don ta cika, in mace ta yi jiki a gidan miji a ce masha Allah ana kula da ita. Har gobe akwai 'yan matan da ke haɗiyar sha-ka-fashe, magungunan da wasunsu irin su dexamethasone ne, masu kumbura fuska su ɗaga suga da hawan jini, don an ce musu kaya ba sa zama a jikinsu. Wato a shago ɗaya za a ce wa siririya ta je ta ciko, a ce wa mai jiki ta je ta rage. Ina jin in kika tambayi mafi ramar cikin ku takwas, ita ma tana da tata maganar da aka taɓa yaɓa mata ta haɗiye.

Akwai wani dattijon tela da mahaifiyata ke kai wa ɗinki a wani lungu kusa da kasuwar Wunti, da tsohon kekensa Butterfly mai feda. Shi bai ma taɓa jikin mace ba. 'Yarsa ce ke shiga da kwastoma bayan labule ta auna, ta rubuta a bayan kwalin sabulu, ta miƙo masa a ninke. Zai duba, ya ɗaga kai ya dubi tafiyar matar sau ɗaya, ya ce, "Hajiya, zauna a bencin nan a sake auna min ke a zaune." Ina yarinya na tambaye shi dalili, ya ce ai ba a tsaye za ta ci shinkafar bikin ba. Goggona mace ce mai jiki ƙwarai, kuma ban taɓa jin lambar awonta a bakin kowa ba, ban kuma taɓa ganin ta ja riga ƙasa a taro ba. Ba shi da shafi a ko'ina. Irinsa suna nan a Bolari da Pantami da Herwagana, maza da mata, sai dai ba su iya ɗaukar hoto ba.

Duk da haka mu yi wa matar adalci. Mai yiwuwa ne a ranta wasa ta yi, kuma ta yi shi sau ɗari ba wanda ya taɓa tanka mata. Lokacin biki ne, anko takwas a kanta ban da na wasu, ga wuta da ba ta tsayawa, ta zaɓi abin da zai fita da sauri. Maganar hotuna ma kada ki yanke hukunci da ita kaɗai, domin matan aure da yawa su ne ke hana a sa hotonsu, sai ya zama 'yan mata ne suka cika shafin. Sai dai wasa a wurinmu yana da masu shi. Taubasai suna yi, kaka da jika suna yi, don kowa yana da bakin ramawa. Kwastomar da ta zo da kuɗinta, aka ɗaure ta da tef a gaban ƙawayen ƙanwarta, ba abokiyar wasa ba ce.

Amarya kuwa ki sassauta mata. Yarinya ce da za ta shiga gidan da ba ta sani ba, tana auna kowace kalma da tsoron kada a ce danginta masu fitina ne. Da ta ce miki wasa ne, tsoro ne ya yi magana, ba rashin ƙaunarki ba. Dada ita ma zaman auren 'yarta take hange. Haƙurin da ta ce ki yi, ki yi shi ta wannan fuskar: ba hayaniya, ba habaici a sitatus ɗin WhatsApp, ba kai ƙara gidan goggon ango. Amma haƙuri bai ce ki sa rigar da za ki tsani kanki a ciki ba, bai kuma mai da izgili halal ba. Dada ta san ayar nan ta 11 a Suratul Hujurati da ta hana mata yi wa mata izgili, ba sai kin tuna mata da ƙarfi ba. Maigidanki ya yi daidai a rabin maganarsa, kishinki ne ya motsa shi, ki gode masa. Ɗaya rabin, na fasa dina, in don wannan maganar ce ban goyi baya ba. In yana da wani dalilin nasa game da dinar kanta, wannan zance ne daban da za ku yi ku biyu. Amma ki bar kujerarki babu kowa a bikin ƙanwarki saboda bakin wata, shekara goma nan gaba in aka buɗe hotuna ke za ki ji ciwon, ita ta manta da sunanki ma.

Abin da nake ba ki shawara, ki fara da amarya, ku biyu kaɗai, cikin kwana biyun nan. Ki ce mata, "Ba zan yi faɗa da kowa ba, ba kuma zan ja miki magana ba. Leshina zan kai inda za a yi min ɗinkin da zan sake a ciki. Wuya da hannu za su zo irin naku, a hoto ba mai ganewa." Ki tuna mata cewa asalin anko yadi ne iri ɗaya. Iyayenmu sun yi anko shekara da shekaru kowa da telanta, wannan na ɗinki iri ɗaya sabon abu ne da masu hoto suka kawo.

Sai ki je wurin maɗinkiyar ke kaɗai, da safe kafin shago ya cika. Ki gaishe ta da mutunci, ki ce, "Hajiya, maganar tef ɗin nan ranar ba ta yi min daɗi ba, na ga gara in gaya miki da bakina a kan in riƙe ki a rai." Ki tsaya nan, kada ki cika shirun da ba-komai. In ta ba da haƙuri ki karɓa da zuciya ɗaya. In ta ce ai wasa ne, ki ce kin ji, amma ke bai yi miki ba, ki wuce zuwa maganar kaya. Da ni ce, zan bar mata atamfar kamu ta yi bubun, in karɓo leshin. Dalilina biyu ne. Kamu taro ne na zirga-zirga, ke babbar ya ce, za ki tashi ki zauna sau hamsin ga goyo, bubu mai kyau zai yi miki rana. Na biyu, ba wanda zai ce kin ƙaurace wa 'yar uwar ango, kuma kafin alƙalamin da kika bayar sai ya zama kuɗin bubun, kin huta da rigimar a dawo min da kuɗina. Ki dai tambaye ta kuɗin bubu zalla nawa ne, in akwai canji ta ba ki, in ɗan kaɗan ne ki bar shi sadakar zaman lafiya. In kuwa kin ji zuciyarki ba za ta iya sa komai daga hannunta ba, ki karɓo duka biyun, hakkinki ne tunda almakashi bai taɓa su ba. In ta ce ta canza shawara za ta yi miki mai koset ɗin, ki yi godiya ki ce kin riga kin yi magana da wani wuri. Ɗinkin da aka karɓa don kunya ba ya fita.

Kuma kada ki ɗauki bubu a matsayin horo. Matan Senegal da Mali da shi suke ƙure adonsu, da shadda mai maiƙo da aiki a wuya, su shigo taro kowa ya gyara zama. Abin da ya ɓata shi a wannan karon shi ne an miƙo miki shi kamar bargon rufe abin kunya. In ke kika zaɓe shi, ado ne.

Neman sabon hannu kuma ba a fafe gora ranar tafiya, ki fara a makon nan. Kada ki tambayi Instagram, ki tambayi mata. Duk mai irin jikinki da kika taɓa gani a wani biki kayanta sun zauna, ki kira ta ki ce wa ya yi miki. Mata ba sa rowar wannan in aka yabi kayansu. In kin samu, ki fara kai atamfa mai sauƙin kuɗi a yi miki irin salon da kike so cikin mako ɗaya, kafin ki saki leshin. A wurin awo za ki gane ko kin zo gidan. Mai hannu za ta auna kafaɗa daban, saman ƙirji daban, cikar ƙirji daban, ƙarƙashinsa daban, ta auna tsawon gaba da na baya kowanne da kansa, ta auna dantse, ta sa ki zauna. Wadda ta auna wuri huɗu ta ce shi ke nan, ki naɗe yadinki.

Ga abin da za ki roƙa, tunda jikin mai jego ne da aka yi wa aiki. Ki je da rigar maman da za ki sa ranar biki, ita za ki sa a awo da kowane gwaji, domin canza ta kaɗai yana canza zaman riga. Koset na gaske mai ƙasusuwa har mara ban so miki shi ba, zai danne wurin aikin, kuma awa huɗu a zaune cikinsa azaba ce ko ga wadda ba ta haihu ba. Ana iya fitar da kamanninsa daga sama, a yi yankan da layukansa, a tsayar da shi a ƙarƙashin ƙirji ko ɗan sama da cibiya, daga nan siket mai yanka shida ko takwas ya sauko ya buɗe a hankali. A tsuke inda ya kamata da ɗan ɗinkin nan da teloli ke kira dat, a bar kafaɗa a awonta na gaskiya. A sa ɓoyayyen zif a gaba ko a gefen ƙirji saboda shayarwa. Shafin ciki ya zama na auduga, kin san zafin Gombe, leshi da shafin roba a cikin taro wanka ne da gumi. A bar rarar inci ɗaya ko fiye a kowane gefe daga ciki, kada a datse, don jikin mai shayarwa yana iya motsawa cikin wata guda. Yadi biyun nan kuma ki saya yau wurin mai riƙe da ankon kafin ya ƙare. In ya ƙare, a nemi yadi marar ado mai launi ɗaya a yi hannu ko ƙasan siket da shi, sau da yawa ma ya fi kyau. Ku yi magana a kan kuɗi da ranar gwaji biyu tun farko, a rubuta, ki kuma faɗi ranar karɓa da ta riga biki da kwana goma. Kin san alkawarin tela.

Bayan an kai amarya an huta, in ke da kanki kina jin nauyin jikin yana damun gwiwa ko numfashinki, ki je asibiti a duba hawan jini da suga, ki gaya wa likita ko ma'aikaciyar jinya in kina kan allurar tazarar haihuwa, don tana sa wasu mata ƙiba kuma akwai wasu hanyoyin. A tsara miki abinci da tafiyar ƙafa da suka dace da mai shayarwa. Wannan tsakaninki da lafiyarki ne, a kan lokacinki, ba sharaɗin da wata za ta gindaya miki kafin ta taɓa yadinki ba. Ki kuma kula da abin da kike faɗa a kan jikinki a gaban manyan yaran, suna ji, kuma sun ga daren da Mama ta zuba wa kowa tuwo ita ba ta ci ba.

Ranar gwaji na biyu ki tafi da jaririyar. Ki sa rigar, ki zauna a kujera mai ƙasa, ki ɗaga hannu biyu kamar za ki ɗaura kallabi, ki sunkuya ki ɗauke ta, ki buɗe zif ɗin ki ba ta ta sha a nan cikin shagon. Duk inda ya ja ko ya matse, a sa alli a wurin kafin ki cire. Ki rubuto min yadda kuka ƙare da amarya.